Awon Tsutsa Cikin Laya

Daga Zulai, Dogarawa, zuwa ga Mushe (laƙabin ma'aikaci ɗan boko) Hashimu malamin gona, Illela
3 ga watan goma, 1972

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyalinka. Allah ya saka da ta'aziyyar da ka zo ka yi mana.

Shekaranjiya da hantsi na gane abin da anka yi da kayen abokinka Isufu maigidana, wato littafin rubutunshi. Shatu maƙwabciyata ta shigo mini da laya. Ta ce Malam Cindo ke ba masu lambu, in an rataya a bakin fage tsutsa ba ta cin saiwar tumatir. Ta karɓo mini guda saboda ɗan lambuna na bayan gida, tunda ina takaba ba ni fita. Baduku bai ɗinke ta da kyau ba, takarda na leƙowa ta bakin fata. Na sa yatsa in tura ta ciki, sai na ga layin shuɗi irin na kayen 'yan makarantar lakwal. Na jawo na buɗe. Bakwai ɗin nan nashi ne mai ɗamara a ƙugu. Hamsin da bakwai, hamsin da tara, hamsin da huɗu. Mushe, na fita bayan ɗaki na yi amai.

Ka san kayen, mai baƙin bango, wanda yake rubuta awon tsutsa a ciki. Ranar da anka raba kayanshi, wanshi Yaya Alkasum ya ɗauke shi ya ce zai mai da shi buro, ofishinsu a Ƙonni, kayan aiki ne. Na yi mishi godiya har da durƙusawa. Ashe wurin malam ya kai shi, anka yanka da aska anka naɗe cikin fatar akuya.

Ba don takarda nike kuka ba. Shekara huɗu, duk Asabar in ya dawo daga labo, ɗakin bincikensu na Ƙonni, gindin dogon yaro muke zama da kayen nan. Shi ya faɗi tsawon jikin tsutsa da tsawon wutsiyarta, ni in raba wannan da wancan, shi ya rubuta. Aji biyar na tsaya a lakwal, amma rabawa ba ta taɓa gagara ta ba, har ya ce na fi shi sauri. Sau ɗaya ya kai ni labo ya ce in sa ido a madubin nan nasu mai ƙara girma. Ɗigon ruwa ne guda, cike da abubuwa kamar zaren tsumma suna mutsu-mutsu. Sati biyu ban sa tumatir a miya ba. Ya yi ta yi mini dariya, wai ni ke yi musu lissafi kuma ni ke ƙyamarsu.

Abin da ya sa na rubuto maka shi ne wanga. Asabar ta ƙarshe kafin zazzaɓi ya kwantar da shi, bai yi dariya ba. Munka gama shafi guda, ya sa na sake rabawa daga farko, ya daɗe yana kallon shafin. Ya ce, "Zulai, wagga wutsiyarta ta yi tsawo." Na ce to sai mi? Ya ce sai ya gan ka. Kwana huɗu bayan nan ya rasu.

Kai ne abokinshi, tare kunka yi karatun gona. Ka gaya mini gaskiya: shafin nan yana da amfani, ko in haƙura in bar musu? Maikuɗi direban kamiyon siminti zai kawo maka wagga takarda, shi zai karɓo amsa.

Ka huta lafiya.

*

Daga Hashimu, Illela, zuwa ga Zulai matar marigayi Isufu
9 ga watan goma, 1972

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da haƙuri, Allah ya jiƙan Isufu, ya karɓi azumin da za mu shiga.

Takardarki ta same ni a buro, na karanta sau biyu. Shafin yana da amfani ƙwarai, kuma zan yi miki bayani yadda Isufu da kansa ya taɓa yi mini.

Tsutsar da ke sa saiwar tumatir ta yi ƙulli-ƙulli ba iri ɗaya ba ce. 'Yan uwan juna ne da yawa, kuma ko a cikin madubi kamanninsu ɗaya. Ba a raba su sai da awo: tsawon jiki, tsawon wutsiya, da ɗan tsinken bakin da take huda saiwa da shi. Dukanta ba ta kai rabin milimita ba, shi ya sa ake awon da mikron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Wadda muka saba da ita a lambunanmu, wutsiyarta takan tsaya tsakanin arba'in da biyar da hamsin. Sabon irin tumatir da aka kawo bara yana jure mata, shi ya sa kowa ke nemansa. Amma idan wutsiya ta wuce hamsin da biyar, ana zaton wata ce daban, wadda ba ruwanta da sabon iri, cin sa take yi. Ita ce Isufu ke tsoro.

Matsalar ita ce tsutsa ɗaya ba ta zama shaida. A cikin waɗanda muka sani ma akwai mai doguwar wutsiya, kamar yadda ake samun dogo a gidan gajeru. Sai an auna talatin daga wuri ɗaya, an haɗa, an fitar da matsakaici. Abin da kuke yi ke nan a gindin dogon yaro.

Ba ni da madubi a nan. Na Ƙonni an ɗauke shi bayan rasuwar, tunda babu wanda ya iya aiki da shi. Na yi wa shef, shugabanmu na buro, magana, ya ce ba zai hana kowa dashe a kan maganar baki ba, in kawo lambobi a rubuce da sunan lambun da aka ɗebo ƙasar. Bayan Salla ake fara dashe. Idan tsutsar na cikin wani fagen reno, za ta bi ƙasar da ke jikin saiwa ta shiga kowane lambu, kuma in ta shiga ba ta fita.

Ki samo mini shafin, duk abin da za ki iya samu. Na san halin da kike ciki, kada ki ja wa kanki magana. Uwargidana tana gaishe ki.

Wassalam.

*

Daga Zulai zuwa ga Mushe Hashimu
21 ga watan goma, 1972

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa.

Ga abin da na samu, na naɗe shi cikin ɗankwali don kada ya karye. Ka yi haƙuri da wari. Fatar ba ta jemu ba, wasu layun sun sha raɓa, guda biyu da na farke har da ƙananan tsutsotsi farare a ciki, na fata, suna cin rubutunshi. Na kakkaɓe su da tsinke ina zubar da yawu.

Shatu ce ƙafata. Tana zagaya lambuna wai tana neman ganyen rama, in ta ga laya a kan sanda sai ta roƙa. Wasu sun ba ta. Wani ya ce mata, "Ke Shatu, ki bar mini kayana, tun da na rataya ta ko akuyar Bawa ba ta sake shigo mini ba." Ta ce mishi, "Akuyar Bawa an sayar da ita tun watan jiya, kai dai kawo." Bai ba ta ba. Jiya ta koma, ta tarar ya ɗaure ta a damtse.

Malam Cindo ya ji labari ya zo da kanshi, ya tsaya bayan zana munka gaisa. Tsoho ne, ban ji yana da mugun nufi ba. Na ce, "Malam, wa ya ce maka hatimi ne?" Ya ce, "Alkasum ya kawo, ya ce sirrin tsutsa ne da Nasara sunka koya wa ƙanenshi. Na duba na ga gida-gida, kowane gida da lambarshi. Ɗiyata, in ba hatimi ba mi ke da gida-gida?" Na ce awo ne. Ya ce, "Awon mi?" Na ce awon wutsiya. Ya ce, "Wutsiyar wa?" Da ba takaba nike ba da na yi dariya.

Ya ce shafukan farko ya jiƙa su a ƙwarya anka yayyafa wa fagage, waɗannan sun tafi. Na baya-bayan nan ne ya yanka, gida uku a tsaye gida uku a kwance, kamar yadda ake yin hatimi. Ka ga abin da hakan ya yi. Tsawon jikin tsutsa guda yana rataye a lambun wane, wutsiyarta tana lambun wani. Kwana uku ina jera su a kan faifai, ina bin layin shuɗi da inda aska ta karkace, in na ga baki ya haɗu da baki in liƙe da ƙaro. Inda rabawa ta ɓace na sake yi da fensir, za ka gane nawa, hannuna ba shi da kyau kamar nashi.

Layi goma sha tara sunka haɗu. Kan shafin, inda yake rubuta sunan wuri da kwanan wata, ban same shi ba. Malam ya rantse bai gan shi ba, ya ce a yage anka kawo mishi.

Ka duba ka gaya mini. Ka gaida gida.

*

Daga Hashimu zuwa ga Zulai
26 ga watan goma, 1972

Wa alaikumus salam, barkanmu da shan ruwa.

Ɗankwalin ya iso. Rabawarki daidai take, ban sami kuskure ko ɗaya ba. Matsakaicin wutsiya a cikin sha taran nan hamsin da bakwai ne. Biyu kaɗai suka sauka ƙasa da hamsin da biyu. A ganina Isufu yana da gaskiya.

Na kai wa shef. Ya riƙe takardar da yatsa biyu saboda wari, amma ya karanta. Ya ce sha tara ba talatin ba ce, sai dai zai iya rufe ido a kan wannan. Abin da ba zai rufe ido a kai ba shi ne sunan wuri. Lambobi ba tare da lambu ba, wa zai hana dashe, wa zai bari?

Zan faɗi abin da ke raina, ki yafe mini idan na shiga maganar gidanku. A duk yankin Dogarawa mutum ɗaya ke renon sabon irin yana sayar da dashe. Kuma mutum ɗaya ya riƙe kayen kafin ya isa hannun malam. Na rubuta masa na nemi izinin ɗibar ƙasa a fagensa.

Allah ya ba mu sa'a.

*

Daga Alkasum mai lambu, Dogarawa, zuwa ga Mushe Hashimu, ta hannun mai rubuta wasiƙa na bakin kasuwa
30 ga watan goma, 1972

Gaisuwa mai yawa da girmamawa zuwa ga malamin gona, mai ilimi, abokin ƙanena marigayi. Bayan haka, takardarka ta zo, an karanta mini, na ji.

Batun ɗibar ƙasa, ban yarda ba. Fagen nan ubana ya haƙa rijiyarshi, ni na gaje shi, kuma duk mai ido ya zo ya ga dashena, kore shar, ba ganye ɗaya da ya yi rawaya. Abin da ba a gani sai an sa gilashi a ido, ni ban san shi ba, kuma ba zan bar a ɓata mini suna a kanshi ba.

Batun kaye, kayan ƙanena ne, ni ne babba, na yi da shi abin da na ga zai amfani jama'a.

Sannan ina roƙonka da girman Allah ka daina aiko wa matar da ke takaba takardu. Mutane na ganin direba yana tsayawa ƙofar gidanmu. Kai ka san abin da ya dace.

Ka sani bana hatsi bai yi ba, abin da munka girbe ba ya kai mu wata uku. Baki goma sha huɗu ke ci a gidan nan, har da ita. Allah ya ƙara maka girma. Amin.

*

Daga Zulai zuwa ga Mushe Hashimu
2 ga watan sha ɗaya, 1972

Assalamu alaikum. Wagga takarda Shatu za ta kai wa Maikuɗi a tasha, ba zai ƙara tsayawa ƙofar gida ba.

Jiya na fita. Tun rasuwar ban taka ƙofar gida ba sai jiya. Na yafa baƙin zanena da safe na bi hanyar fadama, mata na kallona kamar sun ga gawa na tafiya. Na tarar da Yaya Alkasum yana ban ruwa. Ya ajiye guga ya ce, "Zulai, lafiya? Wa ya mutu kuma?"

Na duƙa na tuge dashe guda daga tsakiyar fage, na wanke saiwar cikin ruwan gugarshi. Daga sama kore ne, gaskiya ya faɗa. Saiwar kuwa, Mushe, ƙananan ƙulli ne jere kamar ƙurajen ƙyanda, tun bai kai tsawon yatsa ba. Na tuge na biyu, na uku. Na matse guda da farce, ruwa mai yauƙi ya fito. Na miƙa mishi.

Ya ce, "Ke da ke takaba kike tuge wa mutane shuka?"

Na ce, "Yaya, ina kan shafin?"

Ya ce wane shafi. Na ce wanda ka yage. Ya dubi rijiya, ya dubi hanya, ya ga ba kowa kusa. Sai ya ce, "Isufu ya zo mini nan a kan mobilet ɗinshi ran Lahadi, ya ce in ƙone wurin, in bar shi shekara uku ba tumatir. Na ce mishi kai albashi ke zuwa maka ƙarshen wata, ni mi ke zuwa mini? Ya ce ƙasar mutane zan ɓata. Munka rabu ba daɗi. Ban ƙara ganinshi a tsaye ba."

Har na fara jin tausayinshi. Sai na ce, to tunda kana tsoron kayen, mi ya hana ka ƙone shi gaba ɗaya? Ya ce, "Rubutun hannun mamaci ne, ba a sa shi wuta." Na ce sai dai a yanka shi? Ya ce, "Mutane sun san aikin Isufu tsutsa ne. Wanda ya saye dashe ɗari in ba shi laya guda, hankalinshi ya kwanta. Kuma wa ya sani, ƙila ta yi aiki."

Ka ji. Awon da ya yi don ya hana tsutsar fita, shi anka ɗinke ake bai wa mutane don su saye ta da kwanciyar hankali.

Na ce zan rubuta sunan fagen da hannuna. Ya ce, "In kin rubuta, tuwon gidana kike zubarwa, kuma ke ma ba ki ƙara cin shi." Na ce na ji.

Ban raina yunwar ba. Na ga rumbu da idona, kuma 'ya'yanshi ni ke yi musu kitso. Na zauna da fensir a hannu har la'asar. Ga ta nan dai a cikin wagga, ƙaramar takarda: ƙasar daga fagen renon Alkasum anka ɗebo ta, a watan shida, shi da bakinshi ya tabbatar mini, ni Zulai na sa hannu. Ka liƙa ta a kan shafin ka kai wa shef. Ga kuma saiwa uku cikin gwangwanin madara, da ƙasarsu mai danshi, yadda na ga abokinka yana yi. Kada ka bar shi a rana.

Ka yi sauri don Allah. Ka gaida uwargida.

*

Daga Zulai zuwa ga Mushe Hashimu
14 ga watan sha ɗaya, 1972

Assalamu alaikum, barka da Salla.

Na ga saƙonka, cewa shef ya karɓi takardar, kuma mai madubi zai zo bayan sabuwar shekara. Na gode da wahalar da ka sha, na san ba laifinka ba ne.

Yaya bai jira ba. Kashegarin Salla ya tuge fagen duka. Jakuna sun kwashe wasu, sauran sun hau mota zuwa wajen Malbaza. Malam Cindo ya ƙi ba shi layu wannan karon, amma an saye duk da haka. Shatu ta bi ta gaya wa wanda za ta iya gaya wa, mutum uku sunka ji, sunka zuba nasu a rami sunka ƙone.

Saura kwana goma sha ɗaya in fita takaba, daga nan in koma gidanmu. Ba wanda ke amsa gaisuwata a nan sai yara. Ka gaida iyalinka, Allah ya bar zumunci.

Lambu goma sha huɗu sunka karɓi dashen. Na rubuta maka sunayen tara a bayan wagga takarda, biyar ban san su ba tukuna. Saiwar da ke cikin gwangwani kuma har yau ba a auna ta ba.